Gurbin Amshina

Shekara bakwai na yi ina yi masa amshi a garin nan na Greensboro da ke Amurka. Shi ne da gurmi, shi ne da murya, shi ne da baitoci. Ni ina zaune a hagunsa, nawa tafi ne da layi biyu da nake maimaitawa. Ya jefo baiti in cafe in mayar masa, kafin in rufe baki ya ja numfashi ya jefo na gaba. Aikin ɗan amshi ke nan, kuma ban taɓa raina shi ba. Ko sau ɗaya ba a taɓa tambayar sunana bayan an tashi daga taro ba, amma a lokacin hakan bai tsaya mini a rai ba, domin na san idan na yi shiru waƙar ta faɗi.

Shi Badamagare ne, ni Bakano, saboda haka tun ranar da muka haɗu a sahun Juma'a muke tsokanar juna, kuma da waɗannan sunaye muke kiran juna har yau. Wuri ɗaya muke aiki a lokacin, wani sito da ake loda kujeru da gadaje a kai wa mutane gida. Ranar Lahadi bayan azahar yakan zo gidana a McLeansville, can gefen gari, mu ɗaga ƙofar gareji, mu shimfiɗa tabarma tsakanin injin yankan ciyawa da kekunan yara, mu yi ta gwaji har la'asar sakaliya. Matata ta kawo shayi ta ajiye, ta ce mu rage ihu, muna da maƙwabta. Idan an yi suna ko walima a East Greensboro, ko an fita shan iska ranar Sallah, mu ake kira.

Waƙoƙinsa na lokacin cunkushe suke kamar motar kasuwa. Layi biyar yake yi a kowane baiti, kuma kowane layi sai ya ɗura masa kalmomi har ya rasa inda zai yi numfashi. Ya yi wa inshorar mota waƙa, ya yi wa ciwon bayan masu ɗaukar kaya, ya yi wa yaranmu da za ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci. A littafin 'yan makaranta yake rubutawa, ya cika shafi har gefe, ya juya littafin ya rubuta a tsaye. Maza su yi dariya, mata su yi guɗa, a ci abinci a watse. Mu ma ba mu ɗauki abin fiye da haka ba.

Sai ya samu aiki a wata masana'antar tagogi can ƙuryar Minnesota, dab da iyakar Kanada. Da ya gaya mini na ce, "Badamagare, kai da ka taso a bakin hamada, me ya haɗa ka da cikin firji?" Ya ce ai shi ɗan arewa ne, arewa zai koma. Na ce wannan arewar ba irin tamu ba ce, ba a shan inuwa a cikinta. Ya yi dariya, ya naɗe gurminsa a bargo ya tafi. Na ce a raina ba zai yi wata uku ba.

Wata shida ban ji ɗuriyar waƙa daga wurinsa ba, sai gaisuwa da hotuna. Ga mota a binne har rufi, ga tafki ya daskare mutane suna tuƙi a kansa, ga gemunsa ya yi fari da ƙanƙara. Dusar ƙanƙarar nan mu a nan sino muke ce mata, shi kuwa nej, irin ta masu Faransanci. Ran nan ina hutun rabin awa a wurin aiki, na zauna cikin mota ina cin shinkafa, sai ga saƙon murya na minti tara. Na kunna.

Da farko ban gane gurmin ba. Amonsa ya yi ƙasa ya yi kauri. Daga baya ya gaya mini hitar ɗumama ɗaki ce ta busar da fatar gurmin har ta tsage, ya rasa irinta a can, wani abokin aikinsa mai farauta ya ba shi ta barewa ya ɗaura. Kiɗan kuma a hankali, tsirkiya ɗaya-ɗaya, kamar mai tafiya a kan santsi. Sai ya jefo baiti. Kalma biyar ce ko shida duka duka, a kan rana mai haske da ba ta ɗumi. Bakina ya buɗe da kansa zan karɓa, da cokali a hannuna. Babu komai a wurin. Babu amshi, babu tafi, gurmin ma ya tsaya. Na duba wayar ko ta katse, na ga tana tafiya. Can sai ya jefo na biyu, ya sake yin shiru. Haka har minti tara.

Na kira shi. "Badamagare, rikodin ɗinka ya lalace, duk ramuka ne a ciki."

"Bai lalace ba, Bakano. Haka take."

"Haka take kamar yaya? Waƙa ba amshi?"

"Bon, sake ji dai."

Na sake ji don in samu abin zagi. Sau uku na ji kafin in koma aiki, na makara, shinkafar ta huce. Abin da ban iya gaya wa kowa ba a ranar shi ne, waƙar ta fi duk abin da muka yi a gareji, nesa ba kusa ba. Kuma babu ni a cikinta.

Daga nan suka riƙa zuwa duk bayan 'yan makonni. Wata a kan la'asar da magariba da suke zuwa a manne a lokacin sanyi, ka idar da wannan, kafin ka naɗe darduma waccan ta shiga. Wata a kan kukan da tafki yake yi ƙarƙashin ƙafa idan ƙanƙarar tana motsi. Wata a kan mahaifiyarsa, wadda ta rasu yana can bai samu zuwa ba. Yana haɗowa da hoton shafin da ya rubuta. Mutumin da yake cika takarda har gefe, yanzu layi huɗu ne a tsakiyar shafi, sauran fari fat. Na tambaye shi ko takarda ce ta yi araha a garin. Ya ce biro daskarewa yake yi a aljihu, da fensir yake rubutu, kuma a waje baitin yake zuwa masa, a hanyar aiki. Idan ya cire safar hannu, abin da ya samu ya rubuta kafin yatsunsa su mutu shi ne tsawon layi. Numfashi ma haka. Iskar can idan ka ja ta da yawa sai ta yanke ka a ƙirji, dole ka faɗi kaɗan ka rufe baki. Ya faɗi wannan duka kamar mai ba da labarin kuɗin tumatir, ni kuwa ina ji ina cika ina batsewa.

Matata ce ta ƙara hura wutar ba tare da ta sani ba. Matar da ta shekara bakwai tana cewa mu rage ihu, na shigo kicin na same ta tsaye da muciya a hannu, tuwo yana kamawa, wayarta a kan firji tana waƙar mahaifiyar nan. Na ce tuwon fa. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. A gidana, a kicin ɗina, aka ɗaga mini hannu don kada in ɓata wurin da babu komai a cikinsa. Da waƙar ta ƙare ta share ido da bakin ɗankwali ta ce, "Baban yara, ashe haka abokinka ya iya?" Na ce sanyi ne ya taɓa masa kai. Ta dube ni ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, ƙyashi kake yi." Na ce Allah ya sawwaƙe, na fice. Ƙyashi nake yi. Shi nake yi wa, ina yi wa garin da ban taɓa gani ba, har tafkin, har sanyin.

Akwai abin kunyar da na yi wanda ko ita ba ta sani ba sai yanzu. Greensboro ma takan ga sino jefi-jefi, ɗan abin da bai kai tsawon yatsa ba, amma sai a rufe makarantu, mutane su kwashe burodi da madara a kanti kamar za a yi yaƙi. Da ta sauka a sanyin da ya biyo baya, na sa riga uku, na ɗauki fensir, fensir fa, ba biro ba, na tafi wani fili bayan gidajenmu na tsaya ina jiran baiti. Na ce idan sanyi ne yake bayarwa, ai ni ma ga sanyin. Na yi kusan awa guda. Karen wani gida yana ta haushi, motoci suna wucewa a babban titi, wani dattijo ya tsayar da motarsa ya sauke gilashi ya tambaye ni ko lafiya. Kafin azahar abin ya narke ya zama jar laka. Na dawo da takalmi jage-jage da takarda mai layi ɗaya, layin ma da na duba da kyau nasa ne na juya.

A shekara ta uku da tafiyarsa waƙoƙin suka kai kunnen wani malamin kiɗa a nan garin. Malamin ne ya haɗa Badamagare da wata dattijuwa Baturiya a Irving Park da takan tara mutane a falonta ranar Lahadi su saurari makaɗa. Za su ɗauko shi a jirgi, kuma za a naɗi waƙoƙin da na'ura mai kyau. Na san unguwar sarai, na sha kai kujeru gidajen can, ta ƙofar gefe ake nuna mana. Badamagare ya bugo ya ce a gidana zai sauka, kuma ni zan kai shi. Bai ce komai game da amshi ba. Ni kuma na fassara abin yadda nake so. Na ce a can ba shi da ɗan amshi, shi ya sa ya bar ramuka, yanzu zai dawo inda nake, ramukan za su cike.

Wata guda na yi ina shiri. Na zauna da waƙoƙin nan goma sha ɗaya, na yi wa kowace amshi, na gwada shi da tsawon shirun. Abin da ya ba ni mamaki, duk sun zauna daram kamar an auna da ni. Na aika Kano aka ɗinko mini shadda ruwan toka. Matata tana ta kallona, ranar da ɗinkin ya iso ta ce, "Da baki ya ce ka zo, ko da mota?"

Ya iso ranar Juma'a, ya rame, surutunsa ya ragu. Ranar Asabar bayan azahar muka ɗaga ƙofar gareji kamar da. Ya daɗe yana gyara tsirkiya, ya ce damshin garinmu ya saki fatar. Ya fara da waƙar la'asar da magariba. Ya jefo baitin farko, na shiga da tafi da murya da duk ƙarfina. Wallahi ya yi daɗi, ni na ji da kunnena. Bai kai ga baiti na biyu ba ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyar.

"Bakano, wurin nan ba a shiga."

"Wa ya hana?"

"Ni na bar shi haka."

"Ka bar shi ne don ba ka da kowa a can. Ga ni."

Nan na zazzage masa duk abin da na tara shekara uku. Na ce iyayin Turawa ya je ya kwaso. Na ce za su tafa masa ne kawai don ba sa jin Hausa. Na ce da bakina aka san shi a garin nan, da ban riƙe masa waƙa ba da numfashinsa ya ƙare tun a sunan farko da muka je. Na faɗi wanda ya fi waɗannan muni, ba zan rubuta shi ba.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Bari in gaya maka yadda aka yi. Lahadin farko da na fita bakin tafkin nan, na ga fili fari ba iyaka, ba mutum, ba tsuntsu ko ɗaya. Na ɗaga murya na jefa baiti irin namu na da. Ka san a Damagaram ko duwatsu ka yi wa magana suna mayar maka. Can nej shanye murya take yi, ko amsa-kuwwa babu. Na tsaya ina jiranka, don na saba. Ina ƙirga layinka biyu a zuciyata har ka gama, sannan na jefa na gaba. Wala, shi ke nan. Shirun nan da kake zagi, tsawon amshinka ne daidai. Ban taɓa rage shi ba, ban taɓa ƙara shi ba."

Na san tsammani yake wannan zai sanyaya mini rai. Mutumin kirki da tashi ya yi ya rungume shi. Ni abin da na ji daban ne.

Na ce, "Wato rashina ya fi ni daɗi."

Na jira ya ce a'a, Allah ya sani na jira. Ya sunkuyar da kai yana shafa fatar gurmin, sannan ya ce, "A waɗannan waƙoƙin, e."

Matata ta kawo shayi ta tarar ba mai magana, ta ajiye ta koma.

Washegari na kai shi, ni da ita. Na sa shaddar, tunda an riga an ɗinka. Ta ƙofar gaba muka shiga. Falon ya kusa girman gidana duka, an jera kujeru kamar arba'in, yawanci tsofaffin Turawa, sai namu 'yan kaɗan a baya, Alhazai da Hajiyoyin da suka ji labari. Dattijuwar ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Ya nuna ni ya ce abokinsa ne, ta ce na kyauta da na kawo shi, ta nuna mini inda aka ajiye kofi. An yi masa shimfiɗa a gaban wata babbar taga, rana tana shigowa, makirufo biyu a gabansa. Hagunsa babu kowa. Malamin kiɗan ya roƙi a kashe waya, kuma kada a tafa sai an gama duka, domin ana naɗa. Muka zauna a layi na biyu daga baya.

Ban taɓa jin taron mutane ya yi shiru irin wannan ba. Idan ya jefa baiti ya tsaya, sai ka ji falon gaba ɗaya ya riƙe numfashi. Mutanen nan ba su san kalma ɗaya a ciki ba, amma wata tsohuwa a gabana ta rufe ido tana gyaɗa kai a cikin shirun, a wurina, a daidai inda nake tafi. Hajiyoyin baya ma, da na yi zaton ba za su iya haƙuri ba, tsit. Ni kuwa layukan da na rubuta suna ta taruwa a bakina, ina haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Waƙa tara na haɗiye.

Ta goma ita ce ta mahaifiyarsa. Ya yi baiti na uku, inda yake cewa an binne ta da zafin rana shi yana share ƙanƙara a ƙofar gida. Ya ɗauke hannu daga tsirkiya. Shirun ya sauka. Sai na yi tari.

Ba abin da ya shaƙe ni, maƙogwarona lafiya lau. Na ga wurin a buɗe, na ga kowa yana jin daɗinsa, na tattara iska na yi tari biyu masu ƙarfi da gangan. Mutane suka waiwayo. Malamin kiɗan ya runtse ido kamar an taka shi. Matata ba ta dube ni ba, ta dai janye gwiwarta daga tawa. Shi kuwa bai ɗago ba. Ya jira abin da ya rage na lokacin ya cika, ya jefa baiti na huɗu.

A mota ba wanda ya tayar da zancen. Ranar Litinin na kai shi filin jirgi, muka yi musabaha, ya ce in gaida yara. Na koma gida ina jiran ya yi fushi in samu abin kamawa. Bai yi ba.

Bayan wata biyu ya turo mini rikodin ɗin da aka gyara. Na tsallake kai tsaye zuwa ta goma. Yana nan. Tari biyu raɗau, a tsakiyar waƙar mahaifiyar mutum. Na kira shi, na ce me ya sa ba a cire ba, ai suna da na'urar cirewa.

Ya ce, "Sun ce za su cire. Ni na hana."

"Don ka tona mini asiri?"

"Ba wanda ya san na wane ne sai ni da kai da Madam. Sake ji, Bakano. Ka ƙirga."

Na kunna a wayar matata yana saurare. Na ƙirga. Tarin farko ya faɗi a daidai inda tafin farko yake faɗuwa, na biyu a kan na biyu. Ko ɓarnar ban iya yin ta a karkace ba.

Ya ce, "Ka ji?"

Na ce na ji. Na buɗe baki in ce ya yafe mini, sai na ji abin da ya fito shi ne, "To a waƙoƙi na gaba fa, akwai wurina?"

Ina jin iskar garinsu tana busawa a cikin wayar. Can ya ce, "Sanyi ya shigo, Bakano. Tafkin ya fara daskarewa. Gobe da safe zan fita neman baiti."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Ban faɗe shi da zuciya ɗaya ba.